Ƙwayar da Na Baro a Kemis

Yayana mai gyaran kujerun kushin ne. Idan soson kujerarka ya mutu, ko yara sun huda yadin da biro, ko ka zauna ka ji katako na gaishe ka ta ƙasa, wurinsa za a turo ka. A layinmu ba mai kiran sunansa, Mai Kushin kawai ake cewa. A gida kuma Yaya ne, don har Umma ta ari bakina ta riƙe. Shekara tara ya ba ni. Shi ya kai ni makaranta ranar farko a kafaɗarsa, kuma har yau da furfura ta fara leƙo min a goshi, Auta yake kirana, ko da a gaban ɗalibaina ne.

Yana da shekara sha shida mahaifinmu ya rasu. Ya ajiye littafi ya shiga shagon wani tsoho mai gyaran kujeru a bayan tasha, ya daɗe yana cire ƙusa da share ɓurɓushin soso kafin a yarda ya riƙe almakashi. Tsohon nan masifaffe ne, amma ya bar masa doka ɗaya da ta zame masa jiki: ba a buɗe kujera biyu. Dalilin a fili yake. Idan za ka sake wa kujera riga, sai ka kwance tsohon yadin a hankali, ɓangare-ɓangare, ka shimfiɗa kowanne a kan sabon yadi, ka zana da alli, sannan ka yanka. Tsohon yadin shi ne ma'auninka. In ka kwance biyu a tare, hannun wannan ya cakuɗa da bayan waccan, ka ɓata wa mutane yadi, ka ɓata wa kanka suna. Don haka Yaya sai ya buɗe ɗaya, ya rufe ta, ya zauna a kai ya ɗan girgiza ya ji ko tana ƙara, sannan ya kalli ta gaba. Ko shayi ba ya haɗa kofi biyu lokaci ɗaya, na sha tsokanarsa a kan haka.

Kyan hannunsa ya kai shi wani kamfanin kujeru, inda ya yi shekara sha biyu. Can aka ba shi katin inshorar lafiya, ɗan roba mai ɗauke da hotonsa ya sha mur kamar an yi masa dole. Dariya muka yi wa katin a lokacin, don Yaya ko mura ba ta cika kama shi ba.

Yana da ashirin da bakwai abin ya fara, kuma da fara'a ya fara, shi ya sa ba wanda ya gane. Mutumin da sai ka kasa kunne kake jin muryarsa, sai ga shi yana zuba kamar rediyo, yana gaida wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ya daina barci, kuma bai gaji ba. Ya shafe ɗakin Umma da fenti sau biyu a sati ɗaya, har Umma tana yi min raɗa wai ƙila ya samu budurwa. Sai da ya kwashe albashinsa ya saya wa masu gadin kamfani takalma, ya hau kan teburin yanka yana koya wa shugabanninsa aikinsu, sannan aka aiko a kira mu. Bayan sati uku kuma abin ya sake shi. Ya yi wata biyu a ɗaki yana kallon bango, ko cokali nauyi yake yi masa.

Likitar da ta gan shi wata mata ce mai gilashi, mai magana a hankali. Ta faɗi sunan ciwon, baifola, ta ce yana hawa da mutum sama sannan ya sako shi ƙasa, ba ya rabuwa da mutum amma ana iya riƙe shi. Umma ta kasa riƙe sunan, don haka a gida sai muka riƙa cewa "ya hau" ko "ya sauka". Ƙwaya biyu likitar ta rubuta. Fara babba ita ke riƙe shi a tsakiya, kullum ake shan ta, kuma lokaci-lokaci sai an gwada jini a ga yadda ta zauna masa. Ƙarama rawaya kuwa ta lokacin sauka ce, ita ke ɗago shi. Ina zaune a wurin, da kunnena na ji ta ce kada a taɓa ba shi rawayar ita kaɗai, don in babu farar a gefenta za ta iya ɗaga shi ya wuce inda ake so. Na faɗi wannan tun yanzu ne don kar wani ya yi min uzurin rashin sani.

Shekara takwas muka yi cikin rufin asiri. Ya nuna kati, ya sa hannu, a miƙo magani. Ya yi aure, ya yi ƙiba, ya sayi babur. Sai kamfanin ya durƙushe. Watan da ya biyo baya ni na raka shi asibiti, matar da ke bayan taga ta duba katin a na'ura, ta sake dubawa, ta turo shi ta ƙasan gilashi ta ce an rufe. Yaya ya goge katin a rigarsa ya mayar cikin walat. Har yau yana nan a ciki, bayan hoton Baba.

Ni malamar ƙananan yara ce a wata makaranta mai zaman kanta, irin wadda in ka tambayi inshora za a kalle ka kamar ka nemi a ba ka ginin. Na taɓa ɗaukar ƙafa na je wani ofishin inshora in saya masa tasa ta ƙashin kansa. Wata budurwa mai ƙamshin turare ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, ta tambaye ni ko yana da wani ciwo tun da can. Da na faɗa, sai ta rufe fayil ɗin da ladabi ta ce tsarinsu bai haɗa da irin wannan ba. Na ce mata to ai mai lafiya ba ya neman magani. Ta yi murmushi ta ce ta fahimce ni. Na fito ina jin kamar in koma in amayar mata da ruwanta.

Daga nan muka koma saye da aljihunmu. Yaya ya kama ɗan shago a bakin layi, faɗinsa bai wuce kujera mai cin mutum uku ba, sai ya fito da rabin aikin waje. Rawayar ba ta da tsada. Farar ce ke cinye rabin albashina, ga gwajin jini, ga ganin likita a asibitin gwamnati inda za ka kama layi tun safe a ce ka dawo bayan wata uku. Watan da shago ya kawo, a saya. Watan da bai kawo ba, Umma ta ɗauki wuƙa ta raba farar biyu a kan faranti, tana yi tana kawar da kai. Ana haka ya hau sau biyu. A na biyun ne ya raba kayan ɗakinsu kaf ga maƙwabta cikin yini ɗaya, har da gadon da suke kwana, wai zai ƙera wanda ya fi shi kafin magariba. Matarsa ta tsaya ta yi jinyarsa har ya sauko, sannan ta haɗa ɗan abin da ya rage ta tafi gidansu. Ban taɓa ganin laifinta ba, ko da yake na yi wata shida ba na amsa gaisuwarta.

Mun koyi dabaru irin na waɗanda ba su da wurin zuwa. Idan ya hau, ni ce mai ɗauke wayarsa da makullin babur, in ɓoye a cikin buhun shinkafa. Umma ta daina dafa shayi, ta rataya bargo a taga, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna, don duk hawansa bai taɓa tsallake ƙafarta ba. In zama ya gagara, sai in fita da shi mu yi ta tafiya ko zai gaji. Shi ba ya gajiya, ni ce nake dawowa da ƙafa a kumbure. Washegari in bi shaguna ina mayar da kayan da ya ɗauko, ina ba da haƙuri. Na san fuskar kowane mai shago a unguwar nan a lokacin da yake tausaya maka, da lokacin da tausayin ya fara ƙarewa. Masu shawara kuwa ba a magana. Kowa likita ne a kan ciwon da ba a gidansa yake ba, wannan ya ce a ɗaure shi, wancan ya ce a sake yi masa aure.

Abu ɗaya ne ke gaya min gaskiya kafin kowa ya gani, shi ne shagon. Kullum in na taso daga makaranta nakan biya ta can, wai in gaishe shi, amma kujeru nake ƙirgawa. In ɗaya ce a buɗe, in wuce gida da kwanciyar hankali. Ranar da na ga biyu, to a daren zan nemi buhun shinkafa. Shi ma ya san abin da ke kawo ni. Yakan ce, ba tare da ya ɗago ba, "Sufeto, ɗaya ce, je ki ci abinci."

Bara, wajen tsakiyar shekara, ya sauka, sauka mai nauyi. Shago a rufe sati biyar. A cikin haka wani mutum ya yi sallama a ƙofarmu, ashe tsohon mai kula da sito ne a kamfaninsu, yanzu ya zama manajan wani otal. Ya ce suna da kujeru talatin da shida a ɗakin taro da ke son sabuwar riga kafin ƙarshen wata, don akwai babban taro da za a yi. Ya ce bai san hannun da ya kai na Mai Kushin ba. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni cin abinci ranar: in aikin ya yi kyau, akwai gurbin mai gyara a cikin ma'aikatan otal, kuma duk ma'aikacinsu yana da katin inshora.

Yaya ya fito ya gaishe shi, ya yi ta maza ya ce zai zo ran Litinin. Manaja na fita ya koma ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Na tsaya a kansa ina masa lissafin kwanaki, ina cewa Yaya kati ne fa, kati. Ya ce ya ji. Ya ce in bar shi, ƙafafunsa ba nasa ba ne.

Ranar Asabar na tafi kemis da takardar likita, sunaye biyu a rubuce. Farar ta ƙare tun kwana huɗu, wata bai ƙare ba, abin da ke jakata kuma ba zai sayi duka biyun ba. Zai sayi farar ta kwana goma, ko rawayar ta wata guda har da canji. Na daɗe a tsaye ina kallon kantar magunguna. Na ce a raina, farar ba ta tayar da mutum daga kwance, riƙe shi kawai take yi a inda ta same shi. Rawayar ce ke tayarwa. Sati biyu kacal nake nema, ya tashi ya kama aiki, albashi na shigowa in sayo farar in haɗa masa. In kati ya samu, an gama raba ƙwaya da wuƙa har abada.

Mai kemis ɗin dattijo ne, ya san mu. Ya duba takardar, ya dube ni ta saman gilashi.

"Biyu aka rubuta, Malama."

"Akwai sauran farar a gida," na ce.

Ya sa rawayar a leda ya miƙo min.

A gida na ce wa Umma daga yau ni zan riƙa ba shi magani, ta huta. Kullum da safe in sa masa ƙwaya a tafin hannu in miƙa ruwa, ina surutu a kan wani abu daban. Ran Litinin na ja shi zuwa otal kamar mai jan buhu. Kwanakin farko da ƙyar yake gama kujera ɗaya a yini. Cikin sati na biyu sai ga shi ya yi aski da kansa, ya nemi ƙarin abinci, ya tsokani Umma a kan ɗankwalinta. Umma ta yi ta godiya ga Allah. Ni kuwa har wani daɗi nake ji, ina ganin na fi likita dabara.

Ranar Laraba ta sati na uku na biya ta otal bayan an tashi makaranta. A wani ɗaki a baya, kusa da wurin wanki, aka ba shi wurin aiki. Kujeru goma sha huɗu na jere a jikin bango, sun sha sabon yadi ruwan toka, ɗinki kamar da inji aka ja. Sai na juya. Uku ne a buɗe a tsakar ɗakin. Tsofaffin yadinsu kuma ba a shimfiɗe suke ba, a yage suke, an tara su a lungu ɗaya.

Na ce, Yaya, uku nake gani. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce dokar tsoho ta masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ce, shi yanzu duk ma'aunin yana cikin kansa. Ya kama hannuna ya zaunar da ni, ya ce ya gano wani abu da ba wanda ya taɓa ganowa: duk kujerun duniya an karkata bayansu ba daidai ba, shi ya sa kowa ke ciwon baya, kuma shi zai gyara. Yana magana yana cire ƙusa da filaya, ko kallon hannunsa ba ya yi.

Daga nan ban je gida ba. Na koma makaranta na tsare shugabarmu a bakin mota, na roƙe ta wani abu daga albashina, na zubar da duk girman da nake da shi. Na sayo farar, ko ido ban haɗa da mai kemis ba. Da Yaya ya dawo na miƙa masa farar guda biyu, ban da rawayar. Ya kalli hannuna ya ce, "Wa ye mara lafiya a nan? Shekara nawa ban ji daɗin jikina irin na yau ba, shi ne za ki kashe min?" Umma ta sa baki, ya durƙusa ya riƙe ƙafarta yana dariya, ya ce ta kusa hutawa, gida zai gina mata mai bene. Na narka ƙwayar a cikin kunun da zai sha, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin ya ce Sufeto ta fara sata.

Na yi tunanin in hana shi komawa otal. In na hana shi, aiki ya tafi, kati ya tafi. In na bar shi, ƙila ya ƙarasa sauran kafin abin ya kai ƙarshe, tunda hannunsa na gudu. Na sake yin irin lissafin da na yi a kemis, na bar makullin babur a inda yake.

Ran Juma'a ina tsakiyar koya wa yara ƙirga aka ce ana nemana a waya. Manaja ne. Muryarsa a ƙasa, ya ce in zo yanzu.

Tun daga ƙofar otal na fara taka soso. Sauran kujerun ɗakin taro ashirin da biyu duk ya tuɓe su, sun tsaya katako tsirara. Bai tsaya nan ba. Ya fito zauren karɓar baƙi ya farke manyan kujerun da ba wanda ya ce ya taɓa, masu fatar nan mai tsada, ya shiga ofishin manaja ya kwance har kujerar da yake zama. Goma sha huɗun da ya gama ma ya sake buɗe shida, wai an yi su kafin ya gano gaskiya. Na same shi a tsaye a kan tebur, almakashi a hannu, soso ya manne masa a gashi, yana yi wa baƙi bayanin ƙashin baya. Wasu na dariya, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Masu gadi biyu sun tsaya nesa kaɗan suna kallon almakashin. Da ya hango ni sai fuskarsa ta washe, ya nuna ni ya ce ga ƙanwarsa nan, ita ce za ta zama akawunsa in ya buɗe kamfani.

Na ce, Yaya, ara min almakashin, zare ya fito min a mayafi. Ya sauko ya miƙo min ta wajen mariƙi, yadda ya koya min tun ina ƙarama.

Manaja ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce ba zai kira 'yan sanda ba, zai san abin da zai gaya wa masu otal, ko da yake shi ma bai san ko kujerarsa za ta kai wata ba. Sai ya ga abin da ya faɗa, ya kalli ofishinsa, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Maganar gurbi ba wanda ya tayar. Ya sa direban otal ya kai mu asibiti.

A asibiti suka ce yana buƙatar gado, gado kuma sai an ajiye kuɗi tukuna. Na zazzage jakata a kan kanta, na kira duk wanda nake jin nauyinsa da wanda ba na ji. Abin da ya taru ya isa allura ɗaya da maganin sati guda. Wani matashin likita ya tambaye ni me yake sha a gida, na gaya masa gaskiya. Bai zage ni ba. Ya rubuta a takarda, ya ce a daina rawayar, ya kira na gaba. Muka dawo gida, Umma ta rataya bargo a taga ta shimfiɗa tabarmarta. Kwana goma sha tara muka yi a haka, ina zuwa makaranta da jajayen idanu, yara na tambayata ko barkono ne ya shiga.

Da ya sauko, ya sauko har ƙasa. Wannan karon ba bango kawai yake kallo ba, yana tuna komai. Abin da mutane ba su sani ba ke nan, suna zaton in ya dawo hayyacinsa ya manta. Ba ya mantawa. Ya tuna tebur, ya tuna wayoyin da aka ɗaga, ya tuna fuskar manaja. Bidiyon ya zaga unguwa, aiki ya ɗauke. Wata mata da ta kawo kujeru tun kafin abin ta aiko aka kwashe su ba a taɓa ba.

Wata rana da yamma na same shi a shago, karo na farko da ya buɗe. Ba aikin kowa a ciki. Tsohuwar kujerar Umma ya ɗauko daga gida, guda ɗaya, ya kwance hannunta ya shimfiɗa yadin a ƙasa, alli na hannunsa amma bai zana komai ba. Na zauna a kan benci. Na daɗe ina juya maganar a bakina, sannan na faɗe ta gaba ɗaya, tun daga kemis har ƙaryar da na yi wa dattijon, har makullin babur. Na ce ni na jawo, ni na raba shi da katin. Ina so ya zage ni. Wallahi so nake ya ɗaga hannu ya mare ni, ko na samu inda zan ajiye abin.

Ya juya allin a yatsunsa. Ya ce, "Na sani, Auta."

Na ɗago na kalle shi.

"Shekara nawa ina shan magani? Ƙwaya ɗaya kike sa min a hannu, kina ta surutun makaranta. Tun ranar farko na gani. Ban tambaya ba ne don kar ki fasa."

Kukan da na riƙe tun otal ya zo, na toshe bakina da mayafi don layi da mutane.

Ya bari na yi shiru, sannan ya ce, "Ba ki san yadda ƙasan nan take ba. In ina can, ko me aka miƙo min zan haɗiye in dai zai fito da ni. Don haka ki ji. Nan gaba in na sauka, kar ki ba ni rawayar ita kaɗai, ko me na ce." Ya sunkuya ya ɗora allin a kan yadi. "Kuma zan roƙe ki. Zan yi miki kuka, zan ce ba kya ƙaunata, zan tuna miki ni na kai ki makaranta. Kar ki ba ni."

Na ce to. Me zan ce?

Wata bakwai ke nan. Ya gama kujerar Umma, ya yi wasu 'yan ƙananan ayyuka na waɗanda ba su ga bidiyon ba ko suka yi kamar ba su gani ba. Sai kuma sati uku da suka wuce ya sake rufe shago. Likita ta duba shi ta mayar da sunaye biyu a takarda, tare za a sha. Shekaranjiya da safe na shiga kai masa ruwa, ya riƙe min hannu ya fara, kamar yadda ya ce zai yi, kalma bayan kalma, har da maganar makaranta. Na zare hannuna na fito. Umma na zaune a tsakar gida da faranti da wuƙa, farar ta ƙarshe a gabanta.

Jiya na je kemis da takardar, da abin da ke jakata, wanda wannan karon ma ba zai sayi duka biyun ba. Dattijon ya karanta, ya dube ni ta saman gilashi. Na ce ya ba ni farar ta kwana goma. Ya ƙirga ya zuba a leda. Na dawo gida a ƙafa, a hankali, don na san wanda ke jirana a ɗaki da abin da zai tambaye ni.